Shekarar da jinin Habu ya riƙa zuwa

Na san abin da ake faɗa a kaina a Funtuwa, na kuma san kun ji, don ke Safiya kin taɓa dawowa daga biki idonki jawur, kika ƙi gaya mini dalili. Cewa ake yi ni na sa aka kwaso mutum bakwai daga Dubai aka sauke a filin jirgin Kano da kayan jikinsu kawai. Ban taɓa musantawa ba, ba kuma yau zan fara ba. Amma tunda gwiwa ta fara nauyi, ido kuma ya fara gardama da ƙananan rubutu, gara in rubuta muku abin da hannuna, kafin ku gaje shi a bakin waɗanda ko ƙofar ɗakin gwajin ba su taɓa gani ba.

A lokacin ina aiki a wani babban ɗakin gwaje-gwaje a unguwar Deira ta Dubai, tafiyar minti biyar daga tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga. Mutanenmu Likita suke ce mini, na gaji da gyara musu na ƙyale. Mu ba ma ganin marar lafiya. Ƙananan asibitocin unguwanni ne ke ɗibar jini da fitsari da kaki, su zuba a akwatin ƙanƙara, mai babur ya kawo mana. Kwalba kawai muke gani da lamba a jikinta. A shekarar 2017 aka canza mana tsarin aiki gaba ɗaya. Da, in ka gama gwaji sai ka rubuta sakamako ka aika, shi ke nan. Sabuwar kwamfutar kuwa ba ta mantuwa. Tana ajiye duk gwajin da aka taɓa yi wa mutum, in sabon jini ya zo ta gwada shi da na baya, in ta ga bambancin da jikin mutum ɗaya ba zai iya yi ba sai ta kunna jan layi, ta riƙe sakamakon har sai ma'aikaci ya duba ya sa hannu. An yi haka ne don kama kuskuren manna suna a kwalbar da ba ta mai ita ba. Na yi ta mita a farko, ina cewa shekara ashirin da shida ina wannan aiki, yanzu akwati ne zai riƙa duba mini jarrabawa.

Ku manyan kun san Habu. Tare muka yi firamare, ni na yi masa hanyar zuwa Dubai, ya samu tuƙi a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya. Yana zaune a Al Nahda, can bakin Sharjah, a filat ɗin da maza goma sha biyu suke haya, gado bisa gado. A Babbar Sallar shekarar muka tafi gida hutu a jirgi ɗaya. Kwana uku bayan Sallah mota ta kife da shi tsakanin Funtuwa da Zariya. Ni na shiga kabarinsa, ni na kwance igiyar likkafanin na juya fuskarsa gabas. Ina faɗa muku wannan ne don ku san ba labari aka ba ni ba.

Wata biyu da dawowata, wata safiyar Lahadi, na ɗauki kwalba daga akwatin wani ƙaramin asibiti na Al Nahda, na haska lambar, sai sunan Habu ya fito a allo. Sunansa cikakke, da ranar haihuwarsa, da ɗan hotonsa na katin inshorar lafiya, sanye da hular nan da matarsa Hajara ta ɗinka masa. A ƙasa an rubuta lokacin da aka ɗebi jinin: yau, ƙarfe takwas da kwata. Na ajiye kwalbar a hankali kamar ƙwai. Jinin sabo ne, ko rabuwa bai gama yi ba. Na tsaya ina kallonsa har abokiyar aikina, wata 'yar Filifin, ta taɓa kafaɗata ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata ƙalau. Na sa jinin a na'ura, ta fitar da zazzaɓin cizon sauro, ta kuma kunna jan layi. Girman jajayen ƙwayoyin jinin ya bambanta da na Habu na bara, irin bambancin da ba ya faruwa a jiki ɗaya. Na ce wa kaina kuskuren rajista ne a asibitin. Na sa hannu, na kashe jan layin, na aika. Mai zazzaɓi yana jiran magani, ko waye shi.

Bayan mako uku jini ya sake zuwa da sunan Habu. Wannan karon Habu yana da ciwon suga, mutumin da har ya mutu cokali huɗu yake zubawa a shayi ba abin da ya same shi. Karo na uku kuma ya zo da ɗigon sikila a jininsa, alhali ni da kaina na gwada shi kafin aurensa, ba shi da ita. Kowane zuwa jan layi, kowane jan layi sa hannuna. Na fara jin tsoron akwatin Al Nahda. In mai babur ya shigo da shi sai in riga kowa buɗewa. Rannan da azahar na kasa daurewa, na fita bakin matakala na kira lambar wayar da ke cikin rajistar. Lambar Habu ce, tana nan a wayata ban goge ba. Na ɗauka za a ce a kashe take. Sai ta shiga. Ta yi ƙara sau huɗu, aka ɗauka, na ji numfashin mutum da ƙarar fanka.

"Salamu alaikum," na ce. "Wa ke magana?"

"Malam Habu ya fita," in ji muryar, aka kashe.

Ban ci abinci ba ranar. Mahaifiyarku ta zuba mini ido har na gaya mata. Kun san Hajiya, ba ta da tsoron abin da ba ta gani ba.

"Baban Safiya, matacce ba ya zazzaɓi," ta ce. "Kai da ka binne shi ka fi kowa sani. Ka je Al Nahda ka ga masu rai."

Ranar Juma'a bayan an sauko na je. Babba a ɗakin shi ne Baba Idi, tsohon tela ɗan Malumfashi da ke yi wa 'yan kasuwar Bur Dubai gyaran ɗinki, shi ke raba musu faɗa, shi ke riƙe da makulli. Ina shiga na ga gadon Habu. Yana nan a shimfiɗe, ba wanda ya hau, a ɗakin da mutum biyu ke kwana a ƙasa saboda rashin wuri. A bangon da ke kansa an kafa ƙusa, an rataye hularsa da carbinsa, da wayarsa a jone da caja, da wata 'yar jakar leda. Cikin ledar katin inshorarsa ne. Baba Idi ya ga inda idona ya tsaya, bai ko yi yunƙurin ɓoyewa ba.

"Likita, zauna mana. Ai mun san za ka zo."

"Baba, mene ne wannan?"

"Sadaka ce. Da muka kira Hajara muka yi mata ta'aziyya, muka ce ga kayansa, ga kati da sauran wata bakwai a kansa, kamfani bai soke ba. Ta ce kayan a aiko, katin kuma duk wanda ciwo ya kama a ɗakin ya je da shi, ladan ya kai wa mai shi kabari. Ka san rabin yaran nan bizarsu ta ƙare, ba asibitin da zai karɓe su da sunansu. To wanda zai ɗauka sai ya yi alwala, ya karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, ya sa hularsa ya tafi. In ya dawo ya mayar. Har Yohanna mai gyaran na'urar sanyi ya je da shi, ya yi masa addu'a irin tasu."

"In an kira wayar fa?"

"Sai mu ce ya fita. Ƙarya muka yi?"

Suka yi dariya, ni ban yi ba. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne yadda suke maganarsa. Wani ya ce Malam Habu ya kai shi asibiti makon jiya. Wani ya ce ba don Malam Habu ba da ƙafarsa ta ruɓe. Na buɗe baki in ce musu wannan laifi ne babba a ƙasar nan, in ce musu tarihin jinin mutum goma a sunan mutum ɗaya zai iya kashe wani ranar da aka yi masa ƙarin jini. Na dubi hular a rataye, na tuna ni na kawo shi garin. Na sha shayinsu na tashi. Kara ce ta hana ni, kuma ban taɓa yafe wa kaina wannan karar ba.

Haka muka tafi har watan Maris. A lokacin mun samu wata sabuwar na'ura ta gwajin tarin fuka. A zamanin da na koyi aiki, sai ka shuka kakin a kwalba ka jira mako shida kafin ƙwayar cutar ta tsiro, sannan ka ƙara wasu makonnin kafin ka san wane magani ke kashe ta. Wannan kuwa cikin awa biyu take faɗa maka ko cutar tana nan, da kuma ko tana jin magani. Ina alfahari da ita ƙwarai, har hotonta na tura muku. Ranar Litinin da hantsi kaki ya zo daga Al Nahda da sunan Habu. Da na buɗe murfin na ga zaren jini a ciki. Kafin azahar na'urar ta gama: tarin fuka ne, mai yawa, kuma irin wanda babban maganin da aka saba bayarwa ba ya taɓa shi.

Irin wannan sakamakon ba asibitin kaɗai yake tafiya ba. Da zarar na sa hannu, kwamfuta za ta aika wa hukumar lafiya, su kuma su zo neman mai shi da duk wanda yake kwana kusa da shi. Za su zo neman Habu. Na zauna a gaban allon ina lissafin mutum goma sha ɗaya a ɗaki mai taga ɗaya, na'urar sanyi tana juya musu iska ɗaya. Sai na yi dabara irin ta mai ganin kansa da wayo. Na rubuta cewa gwajin yana buƙatar a maimaita, na riƙe sakamakon. Niyyata in je in gano mai tarin, in kai shi babban asibiti da sunansa na gaskiya, in ya so a rufe maganar katin, sauran su tsira.

Da la'asar ina Al Nahda. Na tara su, na yi musu bayani dalla-dalla, na ce wannan tarin yana da magani amma ba ya jira. Na tambayi wanda ya je asibiti da safe. Ba wanda ya ɗaga hannu. A saninsu tari irin wannan yana nufin jirgi zuwa gida, kuma ba wanda zai nuna ɗan'uwansa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kallon wuyansu da idonsu, ina sauraron ƙirjinsu daga nesa. Wallahi a awa biyun da na yi a ɗakin ko gyaran murya ba wanda ya yi.

"Baba Idi, kai ke riƙe da ɗakin nan. Wa ya ɗauki katin?"



"Malam Habu ne," ya ce.

"Baba, ba wasa na zo ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, Likita. Halas, shi ke nan, ka bar maganar."

Na koma Talata, na koma Laraba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ɗaga wa Baba Idi murya, mutumin da a shekaru ya haife ni. Amsar ba ta canza ba. A gida Hajiya ta daina yi mini magana sai da ido. Ranar Laraba da yamma tana yanka albasa, ba ta ko juyo ba ta ce:

"Kwana uku ke nan wani yana tofar da jini, kai kana riƙe da takardarsa a aljihu. Su kake tausayi ko sunanka?"

Alhamis da safe na sa hannu. Na kuma hau sama wurin shugabar sashenmu na gaya mata komai, tun daga kwalbar farko. Ba wanda ya tilasta ni, ku riƙe wannan. Ranar Lahadi ma'aikatan lafiya suka je filat ɗin, aka kwashi mutum goma sha ɗayan aka yi musu hoton ƙirji, aka karɓi kakinsu. Da aka nemi takardu, bakwai ba su da su. Waɗannan su ne bakwai ɗin da ake jifana da su. Ni kuma aka zaro jan layukan nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sa hannuna a ƙasa. Aka karɓe lasisina, aka ba ni wata ɗaya in tattara. Wannan ne dalilin da ya sa aka cire ku daga makaranta a tsakiyar zango, ba ciwon bayana da muka ce muku ba.

Sakamakon mutum goma sha ɗayan ya fito tun kafin in bar garin. Dukansu lafiya lau. Ba ko ɗaya da ke ɗauke da cutar.

Na je na samu Baba Idi a shagon da yake ɗinki, don shi takardunsa cikakku ne, an sake shi. Ya rame. Ya kashe keken, ya ce in zauna, sannan ya faɗa mini abin da ya ɓoye. Ranar Lahadin da ta gabaci gwajin, bayan la'asar, yaran duk suna wurin aiki, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dogon mutum ne siriri, Hausarsa irin ta wajenmu, ya rufe bakinsa da rawani. Ya ce Hajara ce ta turo shi, ya roƙe shi don Allah da Annabi kada ya gaya wa kowa. Dokar ɗakin ita ce ba a ba wanda ba ɗan ɗakin ba kati, amma Baba Idi ya ji yadda mutumin yake numfashi, ya kasa hana shi.

"Abin da ya hana ni barci, Likita, ban nuna masa inda katin yake ba. Ya shigo ya wuce kai tsaye ya cire shi daga ƙusar. Ya zauna a bakin gadon ya karanta ƙafa goma sha ɗaya, ban faɗa masa ana yi ba. Washegari da azahar na tarar da ledar a rataye a hannun ƙofa."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba tun ranar?"

"Na rantse masa. Kuma in ce maka wa? Ban san sunansa ba. Wallahi har cikin raina sunan da na faɗa maka shi nake gani."

A gabansa na kira Hajara. Ta ce ita ba ta turo kowa ba, ba ta ma san kowa a Dubai ba bayan mu. Ni dai ban yarda da fatalwa ba, har gobe. Maganar katin ta riga ta zaga masallatai da wuraren cin abincin mutanenmu, duk mai kunne zai iya sanin inda yake rataye da abin da ake karantawa. Kuma kakin da na gwada na mai rai ne, huhun da ya fito da shi yana numfashi a safiyar. Amma zan yi muku ƙarya in na ce gashin jikina bai tashi ba a shagon nan.

Daga can na wuce ƙaramin asibitin, karo na farko da na taka shi. Na samu nas ɗin da ta karɓi kakin, wata 'yar Indiya mai furfura. Na tambaye ta ko ta tuna mutumin. Ta ce ƙwarai. Ta nuna mini wata kujerar roba a lungu kusa da tulun ruwan sha.

"Nan yake zama," ta ce. "Na faɗa masa yanzu akwai sabuwar na'ura, gobe-gobe sakamako zai fito. Ya zo Talata tun da muka buɗe, ya zauna har azahar. Na ce masa ba a sako ba tukuna. Ya dawo Laraba, ya zauna har azahar, tari yana neman kayar da shi daga kujerar. Ya ce mini, ''Yar'uwa, ko mene ne a faɗa mini, zan sha maganin.' Na ce masa ya yi haƙuri, mai gwajin ne ya riƙe, ana maimaitawa. Alhamis na ajiye masa takardar tura shi babban asibiti. Bai zo ba."

Na yi wata guda ina nemansa kafin jirgina. Na bi masallatan Deira da Al Nahda, na tsaya a mashigar kwale-kwale ta Bur Dubai ina kallon dogayen mutane, na bar saƙo wurin masu kago da masu sayar da abinci. Ba wanda ya san shi. Ban sani ba ko ya mutu a wani ɗaki mai gado bisa gado, ko mutum nawa ya yi wa tari a fuska kafin nan. Shekaru biyu bayan haka, da annoba ta zo duniya ta koyi jiran sakamakon gwaji, ina zaune a Funtuwa ina jin mutane suna zagin masu riƙe musu takarda, ban taɓa sa baki ba.

To ga abin da nake so ku sani, ku da 'ya'yanku. In an tare ku da maganar mutum bakwai, kada ku yi faɗa da kowa, kada kuma ku yi kuka. Na sa hannun nan, kuma da za a mayar da ni gaban allon zan sake sawa. Uku daga cikinsu sun zo sun gaishe ni daga baya, huɗu ba sa amsa sallamata, hakkinsu ne. Laifin da zan tsaya a kansa gaban Allah ba wanda ya taɓa zargina da shi a garin nan, don ba wanda ya sani sai mahaifiyarku. Na'ura ta gama aikinta cikin awa biyu, ni na mayar da shi kwana uku. Ranar Talata da Laraba, sa'ad da nake can ina yi wa masu lafiya tsawa su nuna mini marar lafiya, shi yana zaune a kujerar roba, titi biyu tsakaninmu, yana jiran in sa hannu.